Ni Na Sa Aka Cire Maigadin Injin

Injina ya kama da wuta ranar wata Talata bayan azahar, ina cikin shagon. Ni na jawo.

Sana'ata manna duwatsu a jikin leshi da gyale, a wani lungu cikin Fagge. Injin faranti biyu ne, na sama yana ɗaukar zafi, ka danne yadi da shi. Akwatin da ke kula da zafin kuwa, wani injiniya ɗan kabilar Ibo ne ya haɗa mini, haifaffen Sabon Gari, Hausarsa ta fi tawa gudu.

Ana saura mako biyu Sallah injin ya fara kashe kansa yana tashi. Ina tsakar aiki sai na ji ƙas, zafi ya sauka. Na kwance akwatin na hau adaidaita zuwa shagonsa.

Ya nuna mini wani baƙin abu kamar ƙwayar gyaɗa. Ya ce shi ne ƙwaƙwalwar, kuma a cikinta akwai maigadi. Aikinsa ƙirga kawai. Duk zagayen da ƙwaƙwalwar ta yi, ta duba zafi ta dawo, sai ta taɓa shi ya koma sifili. In ta maƙale ba ta zo ba har ya ƙirga daƙiƙa biyu, sai ya kashe komai ya tayar da ita daga farko.

Na ce, "To cire shi."

Ya ce, "Haba Malam! Maigadi ya yi ihu, kai sai ka kori maigadi? Akwai abin da ke maƙalar da ita. Ba ni kwana biyu na nemo."

"Kwana biyu a Sallah? Oga, kai za ka tsaya gaban matan da suka kawo mini leshinsu?"

"Ni? Ko tawa ta gida ba na iyawa."

Ya yi gardama, na fi shi taurin kai. Ya jona kwamfuta, ya goge layi ɗaya daga umarnin da ke cikin ƙwaƙwalwar, maigadin ya fita.

Kwana huɗu injin bai tsaya ba. Rana ta biyar, lambar zafi da akwatin ke nunawa ta tsaya wuri ɗaya. Ban yi boko ba, amma na san siffar lambar da nake so, kuma ita nake gani. Ashe ƙwaƙwalwar ta daskare, farantin yana ta ƙara zafi. Na juya ina ninke kaya, na ji ƙauri. Kafin na waiga leshi ya kama, ya lashi na rataye. Ƙofa ɗaya ce, injin yana bakinta. Hayaƙin roba ya toshe mini maƙogwaro, na kasa ko salati. Na rufe fuska da hannun dama na bi ta cikin wutar. Maƙwabta suka kashe da bokitai.

Injiniyan ya zo duba ni a asibiti. Bai yi mini gorin cewa ya gargaɗe ni ba. Ya ce wayar da ke auna zafi ce ta tsinke ta ciki, saboda yawan ɗaga faranti da sauke shi. Ƙwaƙwalwar tana jiran amsa, amsa ba ta zuwa.

Da ya haɗa sabon akwati sai ya kira ni. Ya ce ana iya ba maigadin rabin daƙiƙa, ko biyu, ko takwas. In ya yi gajere zai riƙa tayar da ita tana tsakar aikinta, in ya yi tsawo ɓarna ta riga ta faru. Ya bar shi a biyu, ya kulle shi yadda ko na roƙe shi da kuka ba za a iya cire shi da goge layi ɗaya ba.

Ya kunna, farantin ya ɗau zafi. Ya ce, "Fizge wayar auna zafin."

Hannuna na dama ya ƙi. Warin ƙarfe mai zafi kawai nake ji. Na fizge da hagu. Ɗaya. Biyu. Ƙas.

Yanzu ina lungun nan dai, injin yana can ƙurya, ni ina bakin ƙofa. Yatsu biyu na dama ba sa lanƙwasuwa. Kullum da safe sai na zare wayar na ƙirga kafin na ɗora yadin kowa.