Nono Ba Jariri

Shekaru da yawa ina riƙe da wannan maganar. Ko 'yan'uwana ba su san rabinta ba. Yau dai zan faɗa.

Shekarata biyu da aure ke nan, muna haya a Samaru, a wani gida da duk sauran ɗakunan na ɗalibai ne. Maigidana yana koyarwa a wani ƙauye wajen Potiskum, sai hutu yake zuwa. Lokacin wayar hannu ba ta wadata ba, sai in je wurin mai lema da ake biya a buga waya a bakin titi in kira shi.

Al'adata ta fara wasa, daga baya ta ɗauke ɗungurungum. Na yi murna. Gwaji ya ce babu ciki. Na sake, babu.

Wata rana ina wanka na ga nono yana zuba. Fari tas, kamar na mai jego.

Ga ciwon kai da ba ya jin magani.

Na riƙa cusa tsumma a cikin riga. Ran nan a kasuwar Sabon Gari rigar ta jiƙe ban sani ba. Wata mai kifi ta ce, "Madam, je ki gida, yaronki yana kuka." Na ce to, na gode. A bayan acaɓa na yi kukana har Samaru.

Gwaggona ta ce namijin dare ne. Na sha rubutu, na yi hayaƙi. Sai magana ta dawo mini cewa wai ciki na zubar a ɓoye, tunda miji ba ya gari.

Daga nan na daina zuwa biki da suna. Ɗalibai suna hira da dariya a tsakar gida, ni ina ɗaki na rufe ƙofa. Ko maigidan ban iya gaya wa ba. Ta yaya zan faɗi wannan a bakin titi, mutane na jiran layin waya?

Ciwon kan ne ya kai ni babban asibiti. Wata matashiyar likita ta saurare ni, sannan ta rage murya ta ce, "Hajiya, nononki yana zuba?"

Na ce, "Likita, wa ya gaya miki?"

Ta ce, "Malamarmu. Ta daɗe tana bincike a kan rashin haihuwa. Ta ce duk macen da al'adarta ta ɗauke, kada mu bari ta fita ba mu yi mata wannan tambayar ba, don mata ba sa iya faɗa da kansu."

Aka ɗebi jini. Aka yi hoton kai, wanda sai da na sayar da keken ɗinkina kafin na iya biyan kuɗinsa. Sakamako ya nuna wani ɗan ƙari a ƙasan ƙwaƙwalwa, shi ke sa jiki yin nono, yana hana ɗaukar ciki.

Ƙari. Ƙwaƙwalwa. Daga nan ban sake jin abin da ake cewa ba.

Sau ɗaya tak na ga malamar tasu, Farfesa Asabe. 'Yar ƙaramar dattijuwa ce mai tabarau. Ta ce, "'Yata, ba ciwon daji ba ne, ba aljani ba ne, kuma ba ki yi laifin komai ba. Ƙwayar magani za ta sa ya ƙanƙance. Wa ya rako ki?"

Na ce ba kowa.

Sai ta ciro wayarta ta ce in ba ta lambar maigidana. Da bakinta ta yi masa bayani, ina zaune ina kallon ƙasa. Da ta miƙo mini, abin da ya ce kawai shi ne, "Rabi, duk wannan ke kaɗai?"

Maganin bai da daɗi. Jiri, amai, in miƙe in dafa bango. Ba mai miƙo mini ko ruwa. Amma a hankali nonon ya ƙafe, kan ya saki. Ranar da al'ada ta dawo, sujada na yi a zuciyata ina hawaye.

Bayan shekara da wani abu na haifi Aminu. Yanzu ya fi babansa tsawo.

Ban iya karanta abin da Farfesa ta rubuta a kan bincikenta ba, Turancin ya fi ƙarfina. Amma bara na raka wata maƙwabciyata wani ƙaramin asibiti a Gombe, inda muke zaune yanzu, na ji likita ya yi mata wannan tambayar sak. Na tambaye shi. Ya ce bai taɓa ganin Farfesa ba, a rubuce-rubucenta ya karanta.

An ce ta yi ritaya. Allah ya saka mata da alheri, ita da ɗalibarta da ban ma riƙe sunanta ba.

'Yan'uwana mata, in al'ada ta ɗauke ba ciki, ko nono yana zuba ba goyo, ku je asibiti a auna jini. Ku faɗa wa likita komai, har abin da kuke jin kunya. In an ba ku magani, kada ku daina don jiri, ku koma ku gaya masa.

Ku kuma da kuke gefe, in mace ta daina fitowa, kada ku tambayi maƙwabta abin da ta yi. Ku ƙwanƙwasa mata ƙofa.