Ɗinyar da ke cikin garwa

Mu bakwai ne, duk magidanta, muke haɗuwa ranar Juma'a bayan La'asar a tsakar gidan wani dattijo a Umdurman. Ni tela ne, akwai direba, akwai malamin makaranta da ke tahowa tun daga unguwar Alsahafa. Shuka ce ta haɗa mu. Kowa ya zo da reshe ko iri a aljihu, a yi musanya, a sha shayi. Wani lokacin mu cika raksha biyu, wato keke mai ƙafa uku, mu bi masu renon shuka na bakin kogi, mu yi ta kallo.

Baba Alhaji muke ce wa mai gidan. Ya yi shekaru yana aikin lambu a Soba ta nan ƙasar kafin ƙarfi ya ƙare. Shi ya koya mana auren lemo, da yadda ake gane ƙishin shuka daga ganyenta. Kowace bishiya sai ya faɗi sunanta da Larabci, sannan ya faɗa da Hausa, ya sa mu maimaita.

Wata shekara wani ɗan'uwansa ya dawo daga Nijeriya da 'ya'yan ɗinya a ƙulle cikin tsumma. Mu dai a bakin kakanninmu muka san ɗinya, ba wanda ya taɓa ganinta sai Baba Alhaji. Ya shuka ƙwallo tara, ɗaya ta fito, a cikin tsohuwar garwar mai. Ta kai gwiwata lokacin da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Ya dawo daga asibiti hannun dama ba ya motsi, magana kuma ta tafi. Hankalinsa na nan ƙalau.

Ba mu daina zuwa ba. 'Yarsa takan sa a fito da gadonsa na igiya ƙarƙashin rumfa, mu kewaye shi. A Juma'a ta uku ganyen ɗinyar ya fara rawaya daga ƙasa.

Direban ya ce ƙishi ne, ya ɗebo ruwa a randa. Baba Alhaji ya buga gefen gado da hannun hagu. Muka ce to ruwa ne ya yi yawa, ya sake bugawa. Malamin makaranta ya ja garwar zuwa inuwa, ni na mayar da ita rana. Duk abin da muka yi, sai ya girgiza kai, bakinsa na motsi, wani sauti na fita wanda ba kalma ba ne. Muka ba shi biro, ya ja layuka a karkace, biron ya faɗi.

Na durƙusa kusa da shi na ce, "Baba, nuna mini da hannu kawai." Ya miƙa yatsa wajen garwar, ya juya shi sau biyu, ya dube ni. Na juya garwar. Ya rufe ido.

Mako huɗu muna haka. Mun sa takin tumaki, mun kwashe. Mun canza ƙasa. Malamin ya kai hotonta wurin wani masanin noma, ya ce bai san bishiyar ba. Kowace Juma'a ganye ya ragu, dattijon kuma yana kwance yana kallon hannuwanmu.

Ranar da na kankare ɓawon ɗinyar da farce na ga cikin ya bushe, Baba Alhaji ya ga fuskata. 'Yarsa ta ce, "Kawu, ku ɗauke masa ita daga gabansa." Ni da direban muka kai ta bayan ɗaki.

Da muka dawo ya juya fuska wajen bango. Muka zauna har aka kira Magariba, sannan muka yi masa sallama ɗaya bayan ɗaya. Har yau ban san abin da yake so mu yi ba.