Sojoji Goma Sha Biyu Marasa Kai

Har yau in na shiga asibiti na ji warin ruwan nan mai launin shayi da ake wanke ciwo da shi, sai in ja da baya. Ba allura nake tsoro ba. Warin ne ke mayar da ni gidanmu na Ulaisha, ina 'yar shekara goma sha ɗaya, lokacin da zamanmu a Riyadh ya rataya a kan wasu 'yan sojojin wasa da ba su kai tsawon yatsana ba.

Baba mai fentin mota ne a wani gareji a Birnin Masana'antu na Biyu. Mai garejin shi ne kafilinmu, da sunansa aka yi wa Baba iƙama, wato takardar izinin zama, ni da Umma kuma muna ƙarƙashin ta Baba. Tsohon ya daina fita, ɗansa ke riƙe da komai. Ɗan ake ce wa mudir, wato manaja, shi ke sa hannu in za a sabunta takarda. A bazarar da nake ba ku labari, saura mako uku iƙamar ta ƙare, kuma an riga an sallami ma'aikata biyu.

Ana cikin haka mudir ya miƙa wa Baba wani kwalin takalmi. Sojoji arba'in ne a ciki, na wani wasan yaƙi da manya ke yi a kan tebur, ya sayo su tun yana karatu a Turai. Wasu na darma ne, wasu na roba, duk masu dogayen kunnuwa, riƙe da baka ko mashi. Fentinsu ya ɓanɓare, makaman wasu sun karye. Ya ce tunda Baba ke da hannun fenti, ya mayar masa da su sababbi, yana da wasa da abokansa ƙarshen wata. Wa zai ce a'a ga mai sa hannu?

Baba ya jiƙa su a ruwan wanke ciwon nan kwana biyu, tsohon fentin ya yi laushi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da tsohon buroshin haƙori. Gidan duk ya ɗauki wari, har tuwo sai ka ji kamar a ɗakin likita aka tuƙa shi. Da suka bushe ya jera su a faranti a saman durowa, ya ce kada wanda ya taɓa.

A lokacin Kaka, mahaifiyar Baba, tana wurinmu. Daga garin Tawa ta zo da bizar ziyara, Baba kuma ya yi mata alkawarin ƙara mata wata uku. Tun ranar farko ba ta yarda da farantin ba. In za ta yi salla sai ta yafa masa zane. Ita a saninta, duk abin da aka sassaƙa da fuska gunki ne, mala'iku ba sa shiga gidan da yake, maganinsa kuwa a cire masa kai. Haka ta yi wa 'yar tsanata tun makon da ta iso, na yi kuka na gaji.

Wata Talata bayan azahar, Baba na wurin aiki, Umma ta leƙa maƙwabta, zafi ya hana ko mage fita. Kaka ta kira ni.

"Ƙawata, ɗauko min abin yanke farce. Idona ba ya gani sosai, ke za ki yi."

"Kaka, Baba fa ya ce..."

"Ni na haifi Baban naki."

Gaskiya ba tilas kaɗai ba ce. Akwai wani daɗi da na ji, tunda an yi wa tawa, a yi wa na kowa. Na darman sun fi ƙarfina, amma na robar, ƙas ɗaya kai ya faɗo. Goma sha biyu na cire. Kaka ta ƙulle kawunan a takarda ta ba ni na jefa a babban kwandon sharar bakin titi.

Da Baba ya dawo ya ga farantin bai yi faɗa ba, kuma na fi son a ce ya yi. Zama ya yi a ƙasa da kayan aikinsa a jiki. Can ya tambayi wanda ya yi. Kafin in motsa Kaka ta ce, "Ni ce, da hannuna. Yarinyar ma barci take." Ya fita da gudu zuwa kwandon, motar shara ta riga shi.

Kwanakin da suka biyo baya ban taɓa jin tsoro irin nasu ba. Umma ta fara ware kayan da za su shiga akwati da waɗanda za a bari. Ni kuwa Riyadh kaɗai na sani, Larabcina ya fi Hausata, ƙauyenmu a hoto nake ganinsa. In na ji wayar Baba ta yi ƙara sai in shige banɗaki.

Ranar Juma'a bayan masallaci Baba ya kawo ma'ajun, ƙullin nan da suke cike lotsawar mota da shi, ya ce zai ƙera kawuna. Na farkon da ya yi da ɗanwake ya yi kama. Hanci ya gagare shi, kunne ya gagare shi, ga ma'ajun ɗin da saurin daskarewa. Kaka na gefe da carbinta, tun da abin ya faru gaisuwa kaɗai ke haɗa su. Sai ta ce, "In fuskar ta gagare ka, ka rufe ta mana. Mahaifinka ai ido kawai ake gani."

Ta yago bakin tsohon ɗankwali, ta naɗa a babban yatsanta yadda mazan wajenmu ke naɗa rawani su rufe baki da hanci. Baba ya daɗe yana kallo. Ya murza ma'ajun siriri, ya naɗa a kan ɗan dunƙulen da ya kafa da guntun waya, ya gyara ninkin da tsinken sakace. Juma'a biyu ya yi a kansu. Sauran ya yi musu kore da ruwan zinariya kamar yadda suke da, goma sha biyun nan ya yi musu shuɗi mai duhu, ya ɗiga ido da bakin allura.

Ranar da ya kai su, saura kwana huɗu iƙamar ta ƙare. Ina kicin na ji yana ba Umma labari. Mudir ya ɗaga ɗaya ya juya shi, ya ce ina kunnuwan? Baba ya ce, "Mahaifiyata ce." Baba har ya fara tunanin kuɗin jirgi. Sannan mudir ya ce da sojojin ɗari ne da wani abu, tasa mahaifiyar ta ƙona sauran shekarar da ya dawo gida, waɗannan ne ya ɓoye. Bai yi dariya ba, bai ce sun yi kyau ba. Ya rufe kwalin. Washegari ya sa hannu.

Mun zauna. Amma Baba bai ƙara wa Kaka ko kwana ɗaya ba, ya ce ba zai sake kwana da fargaba irin wannan ba. Ta tafi ba ta yi ƙorafi ba, ba ta kuma sake dawowa ba. Bayan shekara biyu aka bugo mana rasuwarta.

Yanzu garin ya canza. A manyan kantuna ana sayar da irin sojojin nan a fili, 'yata tana da 'yan tsana cike da kwando, babu mai ɗaga kai ya dube su. Baba ya ajiye aiki ya koma gida. Da ƙaramar sallar da ta wuce na kira shi da niyyar in faɗa masa gaskiya, na fara da cewa ko ya tuna sojojin mudir. Ya yi dariya har da tari.

"Allah ya jiƙan Inna," ya ce. "Saura ƙiris ta kore mu daga ƙasar nan."

Na ce amin.