Kaset Biyu a Rediyon Yaya Haruna

Ranar wata Alhamis ce, mako biyu bayan alhazai sun watse, ina 'yar aji huɗu. Umma ta tura ni share ɗakin Yaya Haruna a saman benenmu na unguwar Misfala a Makka, ni kuwa da karambani na tsaya gaban rediyonsa mai cin kaset biyu. Ɗaya kiɗan rok ne na Turawa, mai ƙara kamar injin markaɗe, ɗayan kuma gitar Buzayen Agadas ce da wani alhaji ya bar masa, mai tafiya sannu-sannu. Na danne maɓallan biyu a tare. Sai ga Yaya a bakin ƙofa. Na runtse ido ina jiran mari, amma ya ce kada in kuskura in kashe. Ya durƙusa yana saurare har kaset ɗin suka ƙare.

Wata guda ya yi yana haɗa salon nan biyu a kan tsohuwar gitarsa ta lantarki, daga baya ya jawo abokinsa mai buga gangar mizmar, wato kiɗan rawar sanda na mutanen Hijaz. Abba bai so ba ko kaɗan. A ganinsa ɗan da ya sauke Alƙur'ani a Makka bai kamata a gan shi rungume da gita ba. Da aka gayyaci Yaya bikin ɗan kawunmu, Abba ya gindaya sharaɗi: in dattijo ko ɗaya ya tashi ya bar wurin saboda kiɗan, gobe gita tana kasuwar gwanjo.

Bikinmu kuwa kullum a rabe yake. Tsofaffin da suka zo daga Kano da Damagaram su koma gefe suna mitar an yar da kiɗan gida, samarin da aka haifa a nan su yi ta hamma sai an buga mizmar. Bayan la'asar Yaya ya fara, muna leƙe ta labulen ɓangaren mata. Ya soma da salon Buzaye mai taushi, tsofaffi suka dakata da taunar goro. Ganga ta shigo, gita ta ɗau kuka irin na Turawa, samari suka zabura da sanduna. Sai Malam Idi, aminin Abba, ya miƙe da farin gemunsa. Na ce shi ke nan, gita ta tafi. Ashe sandar wani saurayi ya fizge, ya faɗa fili yana juyi.

Da motarmu ta iso ƙofar gida, Abba ya dubi Yaya. "Haruna," ya ce, "ka canza wa gitar tsirkiya, ta ukun nan ta kusa tsinkewa."

Yau Yaya ya yi furfura, kuma samarin da ya koya wa sun baza salon har Jidda. In na ji shi a wayar 'ya'yana sai in ji kaina ya ƙara girma, domin na san ɗakin da aka haifi salon. Abba dai har ya koma ga Allah bai taɓa cewa kiɗan ya yi daɗi ba. Mu ma ba mu taɓa neman ya faɗa ba.