Baba Makulli Ya Sa Hannu

Da sunan Allah nake farawa, don in ban fara da shi ba, abin da zai fito daga bakina ba zai yi daɗin ji ba.

Maigidana shekara ashirin da shida yana aiki a kwaleji. Ba malami ba ne. Ɗalibai Baba Makulli suke ce masa, saboda tarin makullan da ke rataye a ƙugunsa. Tun daga bakin layi nake jin dawowarsa. Shekara ashirin da biyu ya yi a ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, yana wanke kwalabe, yana goge tebura. Dokar wurin guda ce: ƙarfe huɗu na yi, a rufe gas, a kashe wuta daga babban makunni, a kulle ƙofa. Ko sau ɗaya ba a taɓa gobara a hannunsa ba. A gida ma haka yake. Mutumin da zai tashi yana tsakar cin abinci don ya hango an bar fitila a kunne a banɗaki.

Da aka buɗe ɗakin kwamfuta, sai aka mayar da shi can. Kwamfuta arba'in. Aka ba shi makulli da tsumma. Shekara huɗu yana goge su, ba a samu mutum ɗaya da ya zaunar da shi minti goma ya ce, Baba, ga yadda abin nan yake ba. A makaranta fa, inda koyarwa ce sana'arsu.

Bana 'yarmu ta biyu ta shiga kwalejin, tana karatun lissafi. Duk ɗan ajin farko na lissafi da kimiyya dole ya yi darasin kwamfuta, in bai ci ba ba ya gaba. Malamin darasin, Sai Gobe yaran suke kiransa, don duk abin da aka tambaye shi amsarsa ke nan.

Ta ce min, "Mama, kwamfutar a allo muke ganinta. Zana mana ita yake da alli, ga na gaske can a ɗakin Baba a kulle."

Na ce, "To Allah ya sa shi ma a zana masa abincin rana a allo."

Ranar jarrabawa aka shigar da su rukuni uku, yara ɗari da ashirin. Aikin shi ne su jera lambobi a gida-gida, su sa na'urar ta haɗa, ta fitar da zane. Yarinyar nan sai da ta yi sati tana aron kwamfutar ƙawarta kafin ta iya. Malamin ya ce kowa ya ajiye aikinsa a kan na'urar da ya zauna, shi gobe zai bi ya kwashe. Ya ɗauki jakarsa, ya iske maigidana a bakin ƙofa, ya ce, "Baba, a kulle da kyau." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Maigida ya yi sallar la'asar, ya dawo, ya kashe babban makunni kamar kullum, ya kulle.

Ashe na'urorin nan an saita su ne yadda duk sanda aka kashe aka kunna, sai su koma fes, su zubar da duk abin da aka sa musu, wai don kada yara su cika su da tarkace. Da safe aka kunna, babu aikin ko mutum ɗaya. 'Yar tawa ta ce a takardar da malamin ya raba musu da hannunsa, shafi na farko an rubuta: kada ka ajiye aikinka a wuri ɗaya. Shi ya rubuta. Shi ya ajiye aikin mutum ɗari da ashirin a wuri ɗaya, ya tafi gida.

Aka kafa kwamiti. Maigida ya ce a tsaye suka bar shi. Malamin ya ce tsoho ne da bai san komai ba, ya ɓata masa aiki. Maigida ya ce, "Ranka ya daɗe, cewa ka yi in kulle da kyau. Da ka ce in bar wuta, da na kwana a bakin ƙofar ina gadi." Suka miƙo masa takarda, wai ya sa hannu cewa sakacinsa ne, a rufe maganar, a sake jarrabawa.

Ya zo da ita gida, yarinyar ta karanta mana. Na ce, "Baban yara, wane sakaci? Kai da ko cokali ba ka taɓa ɓatar musu ba? In ka sa hannu, ka yi wa kanka shaidar zur."

Yarinyar ta ce, "Baba, kada ka sa. Mu duka mun ji abin da malamin ya ce, za mu faɗa."

Ya dube ta, ya ce, "Shekara nawa ya rage miki a hannunsa?"

Ta ajiye takardar. Uku ne. Kuma duk kwalejin an san 'yar wace ce.

Na buɗe baki zan ja wa malamin Allah ya isa, maigida ya ɗaga min hannu. "Ke, bar shi. Kada ki ɓata bakin da kike salati da shi." Na haɗiye, amma har yau tana nan a maƙogwarona.

Washegari ya sa hannu. Suka karɓe makullan, suka mayar da shi bakin ƙofar shiga, yana ɗaga wa motoci ƙarfen tare hanya. Aka sake jarrabawa, yarinyar ta ci, kuma wannan karon kowa da ɗan abin kwafe aikinsa daga na'ura a aljihu. Malamin kullum ta nan yake wucewa da motarsa. Maigida ya ɗaga masa ƙarfe, ya ce, "Barka da asuba, ranka ya daɗe."

Haƙurinsa nasa ne, Allah ya ba shi lada. Ni dai ban sa hannu a takardar kowa ba. Mijina bai yi sakaci ba. Abin da aka koya masa ya yi, abin da ba a koya masa ba kuma, a tambayi masu koyarwa.