Ranar da raƙumi ya tuɓe wa sorona riga

Ko an wayi gari na manta sunan jikokina, ranar nan ba za ta fita raina ba. Har yau in na tuna sai na dafa ƙirji don dariya.

Soron da nake kwana kakan maigidana ne ya gina shi, madugu ne, a ciki yake jibge kantun gishirin ayarin Bilma. Kaf yankin Ollelewa babu bango mai kaurinsa. Nan aka kawo ni amarya, nan na haifi tara. To ɗana na fari, wanda ba na faɗin sunansa, Direba nake ce masa don kamiyo, babbar motar kaya, yake ja, ya zo wata shekara ya dubi tsagar bangon ya ce, "Inna, ɗayan biyu: ko a gyara, ko ki biyo ni Damagaram." Ni da Damagaram? Wa na sani can? Na ce a gyara.

Ya kawo magini daga Tanut, aka lulluɓe soro da siminti ciki da waje, aka shafa shuɗin fenti. Kai, na yi yanga! Mata har daga Falanko suka zo kallo, ni kuwa ina ƙofa ina taunar goro kamar matar gwamna.

Bazara na shiga, ɗakin ya zama tanda. Damina ta sauka, gindin bango ya jiƙe ya ƙi bushewa, fenti ya kumbura, wani farin abu ya riƙa tsattsafowa ta tsaga. Na dangwala na lasa, gishiri! Ashe duk gishirin da bangon ya sha tun zamanin madugu, laima ce ta narkar da shi, ta rasa ƙofar fita. Na san in Direba ya gani, sai dai in ɗaure kaya. Da na ji yana tafe, sai na jera tabarmi a jikin bango daga ciki, waje kuma na jingine karan gero.

Ya iso ranar kasuwa. Na shigar da shi soro, na dama masa fura, gumi na zubo masa.

"Inna, ɗakin nan lafiya?"

"Ƙalau. Kai ne ka yi ƙiba."

Ban rufe baki ba tabarma ta motsa. Sai ga kan jar akuyata ya ɓullo daga bayan tabarmar, tana lasar baki, ashe gishirin ta biyo. Na ce, "Kul!" Ta koma. Ta biyu ta fito ta wancan gefe. Direba ya ajiye ludayi yana kallona, ni kuwa ina kallon rufi.

Ana haka, wani Buzu abokin cinikinmu da ke saukar mana da cuku ya ɗaure raƙuminsa a bayan soro. Raƙumi ya ji ƙanshin gishiri, ya ture karan, ya kafa baki a tsaga, ya sa wuya yana goga. Sai muka ji rim! Ƙasa ta girgiza. Direba ya sure ni kamar buhun gyaɗa ya yi waje da ni, ina ihu, "Sauke ni, ɗan nema, zanena!"

Zuciyata ta gama yankewa, na ce shi ke nan, soro ya tafi, ni ma na tafi. Ƙura na lafawa sai na ga simintin gefe guda ne ya zame gaba ɗaya ya kwanta ƙasa. Ga tsohon bango tsaye, baƙi wuluk da laima, har sawun yatsun surukata na yaɓen da ta yi suna nan. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Awakin unguwa suka ɓarko, tumaki na biye, kowa ya kama gefensa yana lasa, yara na kora suna faɗuwa.

Buzu ya riƙe ciki don dariya ya ce, "Tsohuwa, ki ba ni aron bangon nan in tafi da shi daji!"

Na ce, "Biya ni ladan wanda raƙuminka ya sha tukuna, ɓarawo!"

Direba ya je ya buga bangon da tafi, ya sa kafaɗa ya tura. Ko gezau. Ya shafa simintin da ya rage, zafi zau. Ya shafa laka, sanyi. Sai ya ce, "Inna, ashe shaƙe shi muka yi."

Na ce, "To, kayana fa? In ɗaure?"

Ya yi dariya har da hawaye. "Zauna abinki. Ku biyun ba mai tayar da ku."

Muka ɓamɓare sauran, muka bar bango ya sha iska har kaka ta wuce, sannan na tara matan unguwa muka kwaɓa laka da ƙaiƙayi da kashin shanu, muka yaɓe shi muna waƙa.

Abin da na koya ke nan: tsohon bango numfashi yake kamar mutum. In za ka gyara tsoho, gyara shi da irin ƙasar da aka yi shi, kada ka toshe masa hanci don ka so shi.