Takarda Ba Hatimi

Abokaina 'yan fansho na Kurudu sun rantse cewa wanda ya tsufa a kan tafireta ba zai taɓa mayar da rahoton taronmu cikin kwamfuta ba. Na mayar, da manhajar kyauta mai buga tambarinta a kowane shafi. 'Yata ta ce abin kunya ne, ta saya mini ta kuɗi, mai fitar da shafi fes.

Da na miƙa sabon rahoto, shugabanmu ya juya shi gaba da baya, ya ce, "Sakatare, takarda ba hatimi? Wa ya amince da ita?"

Kujerata ta soma rawa. Na koma wa ta kyauta, aka sa hannu ba gardama. A rubuta: ranar Laraba, kwana uku bayan Babbar Sallah, na tsira da muƙamina.